BAƘON DA KE ZAUNE A CIKIN SAURO

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan Ƙungiya, mutumin Gangara ta ƙasar Jibiya, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara

 

Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban Makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai na da da na yanzu, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, yayyena da ƙannena, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

Lokacin da Sakataren Ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, ya kuma tambaye ni a kan me zan yi magana, sai na ce masa a kan sauro. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Duk karatun da ka yi a Zariya a sauro ya ƙare?" Na ce masa ai ko sauron ma ba shi ba ne, abin da ke cikin cikinsa ne. To, ga shi dai an taru, sai ku yi haƙuri da ni.

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malaminmu na ilimin halittu, wanda ga shi can zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kore mu zuwa kududdufin bayan ɗakin kwana, kowa da gwangwanin madara, ya ce mu ɗebo ruwa. Da muka dawo ya juye a kwalba ya ce mu duba. Ya nuna mana cewa tsutsar da ta kwanta miƙe a saman ruwa ita ce za ta zama sauron Anofilis, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, wadda kuwa ta rataye kai ƙasa ta Kiyuleks ce, mai damun mutane da kuka a kunne. Ya ce idan sun girma ma ana gane su, domin Anofilis in ya sauka a bango sai ya ɗaga bayansa sama kamar mai goho. Mun yi dariya ranar, amma ni wannan kwalba ce ta kai ni karatun ilimin dabbobi, ita ce kuma ta sa yau nake aiki tare da ma'aikatan duba-gari. Malam, na gode.

Akwai kuma dalili na biyu. A daminar 2019 ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara uku, ya kwanta da zazzaɓi a Gangara ranar Talata. Aka ba shi abin da aka saba bayarwa a gida. Ranar Alhamis ya fara jijjiga, kafin a kai shi asibiti jininsa ya riga ya ƙone, ranar Juma'a muka yi masa sutura. Allah ya sa mai ceto ne. Na tabbata babu wanda ke zaune a ɗakin nan da ba shi da irin wannan labari a gidansu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2023 mutum kusan 597,000 ne wannan cuta ta kashe a duniya, kuma kusan kashi 31 cikin 100 daga cikinsu a Nijeriya suke. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Kafin in kai ga baƙon da na ambata, bari in tuna mana wani abu da ya faru a nan kusa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban aiki a ƙasar Garki, wadda a lokacin tana Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. An bi ƙauyuka ɗaki-ɗaki ana fesa magani, a wasu kuma aka haɗa da raba wa kowa da kowa ƙwayoyin magani. Cutar ta yi ƙasa ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuwa sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya kwana a bangon ɗaki inda aka yi feshi, a waje yake hutawa. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya yi nazarin sauron Garki a wancan lokaci, kuma a 2013 aka raɗa wa ɗaya daga cikin manyan nau'o'in sauron da ke cizonmu sunansa. Bayan wannan, masana a Jami'ar Bayero ta Kano sun nuna cewa sauron Arewa ya fara raina maganin da ake sa wa gidan sauro. Duk wanda ya fesa fiya-fiya da magariba ya ji kuka a kunnensa kafin asuba ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Wannan ne ya sa masana suka shiga neman wata ƙofar da za a ɓullo wa sauro.

Jama'a, ku lura da wani abu. Ƙwayar zazzaɓi ba ta tashi daga jikin wani ta faɗa jikin wani nan take. Idan macen sauro ta sha jinin mai cuta, sai ƙwayar ta zauna a cikinta kamar kwana 10 zuwa 14, ta huda bangon hanjinta, ta hayayyafa, sa'an nan ta gangaro zuwa yawun bakinta. Sai bayan haka cizonta ke zama haɗari. Watau ita ma ƙwayar matafiyiya ce mai neman masauki, kuma masaukin nan ba kango ba ne. Cikin sauro cike yake da wasu ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda ya kwaso daga ruwan da ya girma a ciki, ko daga zaƙin furanni da yake sha, ko kuma ya gada daga uwarsa. Wasu ba su cutar da shi, tare suke rayuwa. Tambayar ita ce, shin a cikin waɗannan mazauna gidan akwai wanda zai hana baƙuwar cuta wurin shimfiɗa? Hausawa dai sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Wolbakiya. Wasu masana biyu a Amurka, Marshall Hertig da Burt Wolbach, su suka fara ganin ta a 1924 a jikin sauron Kiyuleks, a 1936 kuma Hertig ya sa mata sunan abokin aikinsa. An ƙiyasta cewa wajen rabin nau'o'in ƙwarin duniya suna ɗauke da ita. Ba a hanji take zama ba kamar sauran, a can cikin ƙwayoyin jikin ƙwaron take, musamman a ma'ajiyar ƙwai, saboda haka uwa ce ke ba 'ya'yanta ita, uba ba ya bayarwa.

A nan ne abin mamakin yake, ina roƙon ku bi ni a hankali. Tun da ta hanyar mace kaɗai take yaɗuwa, sai ta yi dabarar fifita matan da ke ɗauke da ita. Idan namiji mai Wolbakiya ya sadu da macen da ba ta da ita, ƙwan da za ta saka ba zai ƙyanƙyashe ba. Idan kuwa macen tana da ita, ko wane irin namiji ta samu ƙwanta zai ƙyanƙyashe, kuma 'ya'yan za su fito da ita. Ku ɗauka gari ne da aka ce duk macen da ba ta da wata shaida rabin aurenta ba haihuwa, mai shaidar kuwa kullum goyo. Ba a daɗe ba sai ka tarar garin duk jikokin mai shaida ne. Haka Wolbakiya ke mamaye sauron yanki guda cikin 'yan watanni ba tare da an ƙara sa hannu ba.

Tun a 1967 wani Bajamushe, Hannes Laven, ya gwada wannan a wani ƙauye mai suna Okpo a ƙasar Bama. Ya yi ta sakin mazajen Kiyuleks waɗanda ba su dace da matan wurin ba, har sauron ya ƙare a ƙauyen. A lokacin ma ba a gane cewa Wolbakiya ce ke wannan aiki ba, sai a 1971. Kada mu manta, namijin sauro ba ya cizo, ruwan fure kawai yake sha.

Babbar nasarar da aka samu ta zo ne a kan wani sauron dabam, wato Edis, mai zanen fari da baƙi a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke hayayyafa a randa da tsohuwar taya. Shi ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Shi wannan bai gaji Wolbakiya ba. Masana a Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin Scott O'Neill, suka ciro ta daga ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, suka dasa ta a ƙwan Edis da allura mai siririn baki. Sai aka ga cutar dengi ba ta iya bunƙasa a jikin sauron da ke da ita. A 2011 aka fara sakin su a wasu unguwanni biyu kusa da birnin Cairns. Daga baya aka yi babban gwaji a birnin Yogyakarta na Indunisiya, inda aka raba gari yanki-yanki, wasu aka saki sauron, wasu aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100 a inda aka saki, kwanciya asibiti kuma ta ragu da kashi 86. Wani zai ce ina ruwanmu da dengi? To, a ƙarshen 2023 hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato, a shekarar kuma ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Amma mu babban abokin gabarmu Anofilis ne, kuma a nan labarin bai kai wancan daɗi ba. Shekaru da yawa masana sun ɗauka Anofilis ba ya ɗauke da Wolbakiya sam. Sai a 2014 wasu masana daga Jami'ar Harvard, tare da takwarorinsu na cibiyar bincike da ke Bobo-Dioulasso, suka ba da rahoton samun alamarta a sauron da suka kamo a ƙauyukan Burkina Faso, cikinsu har da yankin noman shinkafa na Kwarin Kou. A 2016 suka ƙara da cewa sun duba matan sauro 221 da aka kamo a gidaje. Guda 12 ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, kuma a cikin 12 ɗin nan ɗaya tak ce mai Wolbakiya, alhali fiye da rabin waɗanda aka kamo suna da ita. A 2017 aka sami makamancin wannan a Mali.

Na tuna yadda na yi murna ranar da na karanta wannan, har na kira wani ɗan ajinmu na ce masa an kusa gamawa da zazzaɓi. Na yi gaggawa. Sauro 12 ba su isa a gina hukunci a kansu ba. Bugu da ƙari, a 2019 wasu masana biyu, Ewa Chrostek da Michael Gerth, suka ce a yi hattara, domin abin da ake gani a Anofilis ɗin ɗan mitsitsi ne ƙwarai, yana yiwuwa ma ba zaune take a jikinsa ba, ɓurɓushinta ne kawai da ya haɗiya daga ruwa ko daga gawar wasu ƙwari. A ganina maganarsu tana da nauyi. A 2021 an sami Wolbakiya mai yawa, wadda babu shakka a kanta, a wasu nau'o'in Anofilis biyu na Kamaru da Kwango da Kenya, to amma waɗannan sauron kurmi da tsaunuka ne, ba irin namu na Sahel ba. Saboda haka babu inda aka taɓa sakin sauro mai Wolbakiya aka kawar da zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya zo muku da wata kwalba a kasuwar Jibiya ya ce ita ce, ku riƙe kuɗinku.

Ba ita kaɗai ce ba, ko da yake ba zan tsawaita a kan sauran ba. Akwai Asaya, wadda sauro ke samu daga furanni. Akwai wata mai suna Delftiya, wadda aka gano bisa tsautsayi a ɗakin binciken kamfanin GSK a Sifen, da suka lura sauron da suke kiwo ya daina ɗaukar ƙwayar zazzaɓi. An buga labarinta a 2023, an kuma gwada ta a cikin wani babban keji a Burkina Faso. A Kenya ma, a 2020, cibiyar icipe ta sami wata 'yar halitta mai dangantaka da naman gwari, wadda ke tare wa ƙwayar hanya a jikin wani nau'in Anofilis da mu ma muke da shi a nan.

Yanzu bari in dawo gida. Abin da aka samu a Bobo ba hujja ba ne a kan sauron Gangara. Mazauna cikin sauro suna bambanta daga gari zuwa gari, daga damina zuwa rani, har daga kududdufi zuwa kududdufi. Ga kuma zafi. Bincike ya nuna irin Wolbakiyar da aka yi aiki da ita a Yogyakarta tana raguwa a jikin sauro idan ruwan da tsutsa ke ciki ya yi zafi da yawa, shi ya sa a Malesiya suka zaɓi wani irin da ya fi juriya. To, ina ga Jibiya a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40? Sa'an nan muna da madatsar ruwa da aka gina a kan kogin Gada. Ta kawo noman rani da kifi, alhamdu lillahi, amma duk inda ruwa ya kwanta shekara zagaye, sauro ma ya sami gonarsa. Irin wannan wuri sai an zo an duba shi a kan kansa.

Abu na biyu shi ne iyaka. Kogin nan namu shi ne ke tsallakawa ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta ƙasar Madarunfa, daga baya ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Rima. An rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa a 2023, mun ga yadda motoci suka yi jerin gwano a Magama, amma ban ji an tsare sauro ko ɗaya a shingen kwastan ba. A 2019 ma wani bincike da aka yi a Mali, inda aka rataya taru a jikin balan-balan, ya kama Anofilis a sama da mita 40 har zuwa 290, iska na tafe da su, aka kuma ƙiyasta suna iya cin ɗaruruwan kilomita a dare guda. Ma'anar wannan ita ce, ranar da aka saki sauro mai Wolbakiya a Jibiya, an sake shi ne a Ɗan Isa, kuma ba a iya kiransa ya dawo. Dole a yi shawara da 'yan'uwanmu Katsinawan Maraɗi tun kafin a fara.

Abu na uku, wanda ya fi damuna a matsayina na ma'aikacin gwamnati, shi ne yardar jama'a. Ku yi tunanin a ce mota ta tsaya a bakin kasuwa, wasu baƙi suka fito da bokitai suka ce sun zo sakin sauro ne don lafiyarku. Mun ga abin da ya faru da allurar shan-inna a Arewa a 2003. A tsibirin Bali na Indunisiya ma, duk da nasarar Yogyakarta, an dakatar da sakin sauron a 2023 saboda mutane sun ƙi. Ban ga laifin mai tambaya ba. Amsar kuwa tana nan: Wolbakiya ba ƙirar ɗan Adam ba ce, kuma ba ta shiga jikin mutum ta cizo. Wannan Kiyuleks na kwatami da ya hana mu barci a ɗakin kwana shekara shida, kusan kowanensu yana ɗauke da ita tun fil azal, ga mu nan kuwa da ranmu. Sai dai wannan amsa ta fi shiga kunne idan ta fito daga bakin ɗan gari wanda aka san ubansa, ya kuma san abin da yake faɗi.

Wannan ya kawo ni ga roƙon da na zo da shi. Na ga a ajandar yau akwai shawarar a kashe kuɗin gudummawar bana a gina sabuwar ƙofar makaranta. Ba na ƙin ƙofa. Amma jiya na leƙa ɗakin kimiyya, na tarar madubin duba ƙananan halittu guda ɗaya da muka yi layi a kansa shi ne dai har yanzu, kuma gilashinsa ya dushe. Ina ba da shawara a ware wani kaso a sayi sababbi, da 'yan kwalabe da ludayin ɗiban tsutsa. Gaskiya ne madubin makaranta ba zai nuna Wolbakiya ba, wannan sai da na'urar gwajin ƙwayoyin gado irin ta jami'a. Amma aikin da ya fi cin ƙafa shi ne na farko: a san wane kududdufi ne ke da tsutsa, a wane wata, wane iri, a rubuta a littafi, a busar da sauron a adana shi da kwanan wata da sunan wuri. Ɗan aji huɗu zai iya wannan a cikin harabar makaranta da unguwannin da ke kusa, ba sai an tura yaro daji ba a wannan hali na rashin tsaro da muke ciki. Muna da 'ya'yan Ƙungiya da ke koyarwa a jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Kano, su za su san ƙofar da za a ƙwanƙwasa da waɗannan kwalabe. Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa sau ɗaya a wata a lokacin damina in zagaya da yaran, in Shugaban Makaranta ya amince.

Kafin wannan ya nuna, abin da ke hannunmu shi ne wanda muka sani. A kwana cikin gidan sauro, a daina shinge lambu da shi. Maganin rigakafin da ake ba yara wata-wata a damina, wanda a Nijeriya a Jihar Katsina aka fara gwada shi a 2013, a tabbata yaro ya shanye na kwana ukun, ba na ranar farko kaɗai ba. Allurar rigakafin zazzaɓi ma an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Yaro kuwa in ya yi zazzaɓi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira Alhamis kamar yadda muka jira.

Mai girma Shugaba, na miƙa wa Ma'aji takardar ƙiyasin kuɗin kayan da na lissafa, ina roƙon a karanta ta kafin a kaɗa ƙuri'a a kan maganar ƙofa. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.